Tuƙi a titunan Jos da damina: yadda za ka tsira daga ramuka, da abin da unguwa za ta iya yi a kansu

Duk direban da ya taɓa yin damina a Jos ya san titin da ya bari a watan Afrilu ba shi zai tarar a watan Agusta ba. Garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, ruwan da yake samu a shekara kuma yakan kai kimanin milimita 1,400, ya fi tsananta a Yuli da Agusta. Ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya. Daga kan duwatsu yake gangarowa da ƙarfinsa, ya bi lambatu in ya samu hanya, in kuwa ya tarar leda da robobi da yashi sun toshe ta, sai ya hau kwalta.

Kwaltar da kake gani a sama ba ita ke ɗauke da nauyin mota ba. Burji da tsakuwar da aka daddaɓe a ƙarƙashinta su ne masu aikin. Da zarar kwalta ta ɗan tsage, ruwa ya samu ƙofa, burjin ya jiƙe ya yi laushi. Tifa ta biyo da lodin yashi ta taka, wurin ya lotsa, kwaltar ta farfashe, tayoyin ƙananan motoci su riƙa ɗauke ɓarɓashin kaɗan-kaɗan. Kafin sati biyu tsagar da ba ta fi yatsa ba ta zama ramin da keke ke kaucewa. Saboda haka duk abin da za a faɗa nan gaba, na direba ne ko na unguwa, a kan ruwa yake: inda yake kwanciya, abin da yake ɓoyewa, da yadda za a ba shi hanya.

Mataki na farko: fara da taya

Taya ce ke fara cin dukan rami, don haka ita za ka fara dubawa, tun kafin ruwa ya kankama.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye. Biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 daga ranar da aka yi ta a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare, ko da zanenta yana nan raɗau. Wannan ya fi shafar masu sayen tokumbo, wadda wasu ke ce wa Baljiyam. Idan ka shiga 'Yan Taya, kada kyawun zane ya ɗauke maka hankali. Ka juya tayar, ka karanta shekararta, ka sa hannu cikinta ka shafa ko za ka ji tsohon faci, ka matsa gefen ka ga ko ya fara tsattsagewa. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, wannan ai ko ƙasa ba ta taka ba." Ka ce masa to, amma bari mu ga lambar.

Sai iska. Yawancin ƙananan motoci suna son tsakanin 30 da 35 a geji, ainihin adadin kuma yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Matsalar ita ce masu faci da yawa ba geji suke bi ba, bugun taya suke yi da ƙarfe su saurari ƙararta, wasu kuma su ɗura maka har 50 don ka ga an yi aiki. Tayar da ta cika fiye da kima ba ta lanƙwasa ta shanye duka, sai ta miƙa shi kai tsaye ga shokozoba, kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi. Wadda iskarta ta yi ƙasa kuwa, bakin rami ne ke matse ta da rim ya yanka ta. Ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Safayar ma ka auna ta. Ba abin da ya kai tsayawa cikin ruwa a hanyar Bauchi ka fito da safaya ka tarar ta fi wadda ta fashe laushi.

Mataki na biyu: ƙafar mota, fitila da wayfa

Danna kowace kusurwar mota da ƙarfi ka saki. In ta ɗago ta tsaya, shokozoba na da rai. In ta ci gaba da lilo, ta mutu. Ka sa bakanike ya ɗaga gaban ya girgiza tayoyin, ya duba boljoyin da tayirod da bushin. Sauya robar wayfa, gyara fitilar da ta mutu, tabbatar jak da sifanar taya da alamar nan mai kusurwa uku suna cikin but. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Mataki na uku: san abin da ya canza a hanyarka

Zirga-zirgar Jos ta sauya sosai a 'yan shekarun nan, kuma wanda ya daɗe bai shigo gari ba yakan sha mamaki. Gadar sama ta Gada Biyu, da ta mahaɗar Sakateriya, da ta Biritish-Amerika sun sauya yadda ake shiga da fita a wuraren, ta yadda in ka kuskure hannun da za ka bi, sai ka yi tafiya kafin ka samu wurin juyowa. Tun 2012 aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, keke ya cike gurbin, kuma mai keke yana iya karkacewa ko ya tsaya a ko'ina ba tare da sigina ba, musamman idan ya hango rami ko fasinja. A watan Maris na 2024 gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu kan dokar zartarwa mai lamba 003, wadda ta hana manyan motoci shiga tsakiyar gari daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Ma'anar wannan ga mai ƙaramar mota ita ce da dare ne zai fi haɗuwa da tirela da tanka a cikin gari, daidai lokacin da rami ya fi wuyar gani.

Akwai kuma rufe hanya na lokaci-lokaci da ɗan gari ya saba da shi: titunan da ke kewaye da Babban Masallaci ranar Juma'a da rana, gaban wasu majami'u ranar Lahadi da safe, ranar tsaftar muhalli idan an sa, da shingayen jami'an tsaro. Farin Gada da sassafe ta motocin kayan gwari ce. Taminus da yamma sai mai haƙuri.

Abin yi shi ne kowane wuri da kake zuwa kullum ka san masa hanya biyu, ka kuma bi ta biyun da rana a ranar da ba ruwa, don ka san ramukanta. Taswirar waya tana nuna cunkoso, amma ba ta san lungun da ruwa ya zaizaye ba. Mai keken unguwar ya fi ta sani, tambaye shi. Kuma idan an karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya saboda aiki, kunna fitila ko da rana ne, ka manta da zancen wuce na gabanka har ku fita daga wurin.

Mataki na huɗu: karanta titi tun daga nesa

Direban da ke kallon bakin bambarsa kullum a makare yake. Kai idonka nesa, ka riƙa kallon abin da motocin gaba suke yi. In ka ga jar fitilar birki tana kamawa ɗaya bayan ɗaya, ko motoci suna lanƙwasa zuwa gefe guda kamar an umarce su, akwai abu a wurin. Wannan ba zai yiwu ba idan ka manne wa na gabanka. A busasshen titi ana barin tazarar daƙiƙa 2, a jiƙaƙƙe ka ninka ta zama 4, domin birki ma nisan da yake buƙata ninkuwa yake yi. Wanda ya manne wa bayan bas, bas za ta bi ta kan rami ta bar shi a tsakanin tayoyinta, shi kuma sai dai ya ji ƙara.

Wuraren da rami ke son fitowa sanannu ne: gindin gangara inda ruwa ke taruwa, bakin kwalbati, inda aka taɓa yanka titi don shimfiɗa bututun ruwa aka mayar da ƙasa kawai, gefen tsohon faci, da inda manyan motoci ke tsayawa man dizal yana ɗiga, domin dizal narkar da kwalta yake yi. Kwaltar da ta tsattsage gida-gida ma ka sa mata ido, ramin gobe ne.

Ruwan da ya kwanta a titi kuwa, ɗauke shi a matsayin rami har sai ka ga wata mota ta bi ta ciki. Kalli tayarta: iya ina ruwan ya kai, kuma ta yi tsalle ko ba ta yi ba. Idan ka ga an kafa reshen itace, ko tsohuwar taya, ko an jera duwatsu a tsakiyar titi, mutanen wurin ne suke gaya maka akwai abin da ya ci wani kafin kai.

Mataki na biyar: idan ba makawa sai ka shiga

A nan ne mafi yawan direbobi ke yi wa motarsu illa da ƙafarsu. Mutum ya hango rami a makare, ya danne birki, ya faɗa ciki ƙafarsa na kan birkin. Lokacin da kake taka birki nauyin mota gaba yake komawa, shokozoba ta riga ta matse ba ta da sauran wurin motsi, tayar kuma a riƙe take, maimakon ta mirgina ta haye bakin ramin sai ta doke shi. Daga nan rim ke lanƙwashewa.

Ga yadda ake yi. Da ka hango ramin, leƙa madubi ka ga wanda ke bayanka. Taka birki da ƙarfi gwargwadon yadda tazara ta ba ka, tun kana kan lafiyayyen titi. Ana saura kaɗan tayar gaba ta kai, ɗage ƙafarka gaba ɗaya, gaban motar ya ɗago. Riƙe sitiyari da hannu biyu, tayoyi a miƙe, ka bar motar ta mirgina ta wuce. Kada ka shiga da taya a karkace, domin gefen taya shi ne wuri mafi rauni a jikinta, kuma dukan gefe shi ke lanƙwasa tayirod. Kada kuma ka taka totur sai tayar baya ta fito, da yawa suna mantawa cewa motar tana da tayoyi huɗu.

Za ka ji wasu direbobin haya suna cewa in ka ƙara wuta mota tsallake rami take yi. A ƙaramin rami wataƙila ka ji kamar haka ne. Amma idan gudu ya ninka, ƙarfin dukan sau huɗu yake ƙaruwa, kuma mai wannan magana galibi ba shi ke biyan kuɗin gyara ba. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a sa'a, a titi mai ramuka da ruwa kuwa 50 ɗin ma ta yi yawa.

Idan ramin ƙarami ne kuma hanya ta ba ka, sa shi a tsakanin tayoyinka. Amma ka lura da tudun da ke gefensa ko dutsen da aka cusa a ciki, domin kaskon baƙin mai yana ƙarƙashin inji, kuma mota mai ƙasa-ƙasa ba ta da tazara sosai.

Kaucewa kuma ba a yin ta sai an duba madubi da gefe. Gara ka shiga rami a hankali da ka karkata ka ture mai keke, ko ka faɗa hannun masu tahowa. Taya ana sayen wata.

Mataki na shida: ruwa mai gudu

Ruwan da ya kai santimita 15 ya isa ya taɓa ƙasan yawancin ƙananan motoci, wanda ya kai 30 yana iya ɗaga su, in kuma gudu yake yi sai ya tafi da su. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta ambaliyar watan Yuli na 2012 ba, wadda ta ci rayuka da dama. Kogin Dilimi da ƙoramun da ke zuba cikinsa suna cika cikin ɗan lokaci, ko da ruwan a wata unguwa aka yi shi. Idan ruwa ya hau kan gada ko kwalbati, tsaya. Ba ka san ko gefen ya riga ya zube ba, kuma ruwan Jos yadda yake zuwa da sauri haka yake janyewa.

In kwantaccen ruwa ne marar zurfi, shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tsayawa, ta inda titin ya fi tudu. Da ka fito, ɗan tattaka birki ya bushe. Idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli. Injin da ya shaƙi ruwa aka tilasta masa tashi, sandunan cikinsa lanƙwashewa suke yi. A tura ta waje, bakanike ya cire filogi ya fitar da ruwan, a duba baƙin mai.

Mai fita gari ta Hawan Kibo ya ƙara da wannan: hazo yakan rufe wurin da damina, gangarar kuma da ƙaramar giya ake saukarta, ba da birki kaɗai ba.

Mataki na bakwai: bayan ka ji ƙarar

Ka samu wuri mai aminci ka tsaya, ba a kan kwana ba. Duba tayar da ta ci dukan ciki da waje. In gefenta ya kumbura, zaren ciki ya tsinke, ba ta facuwa, kuma tana iya fashewa kowane lokaci. Sa safaya nan take. Duba bakin rim, leƙa ƙarƙashi ko mai yana ɗiga. Idan jar fitilar baƙin mai ta kama, kashe inji a wurin.

Da ka ci gaba da tafiya, saurari motar. In tana ja gefe guda ko sitiyari ya karkace alhali kana tafiya a miƙe, alaimen ya tafi. In sitiyari na rawa idan ka ƙara gudu, rim ne ko balansin. In kana jin ƙwas-ƙwas a kan kowane ɗan tudu, wani abu ya saki a ƙafar. Gaya wa bakanike wace taya ce da irin ƙarar, ka kuma ce ya nuna maka abin da ya lalace da idonka kafin a aika yaro sayen kayan gyara a Dilimi. A sauya abin da ya lalace tukuna, alaimen ya zo a ƙarshe, in ba haka ba kuɗin alaimen ɗin asara ne. Idan haɗari ne da rauni, lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Mataki na takwas: kai kuka inda ya dace

Titunan Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Babbar hanyar da ta taso daga Akwanga ta ratsa Jos ta nufi Bauchi ta tarayya ce, haka wadda ta nufi Zariya ta Saminaka. Gyaran irinsu yana wuyan hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, wadda aka kafa a 2002, da ofishin kwanturolan ayyuka na tarayya a jihar. Manyan titunan cikin gari na ma'aikatar ayyuka ta jiha ne da hukumar raya birnin Jos, JMDB. Layukan cikin unguwa kuwa ƙaramar hukuma ake fara nema, Jos ta Arewa ko ta Kudu, ta hannun kansila. Takardar da aka kai ofishin da ba nasa ba ne, a durowa take kwana.

Ku rubuta shafi ɗaya kawai. Sunan titi, daga ina zuwa ina, wata alama da kowa ya sani. Tsawon ramin da faɗinsa da zurfinsa da tef. Hotuna biyu, ɗaya a bushe da sanda a tsaye a ciki, ɗaya lokacin da ruwa ya kwanta. Ku faɗi daga ina ruwan yake zuwa, domin shi injiniya zai fara tambaya. Mai unguwa ya sa hannu, da limami, da fasto in akwai coci a layin, da shugaban 'yan keke. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Bayan sati biyu mutum biyu su koma da kwafin. Shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyo suna taimakawa, amma mai kira ya faɗi sunan titi da ranar da aka kai takarda, ba zagi ba.

Mataki na tara: gyaran wucin gadi a layinku

Wannan na layin unguwa ne kaɗai. Babban titi ba a taɓa shi sai da izini.

Abin da aka saba gani shi ne matasa su kwaso ɓaraguzan gini da shara da baƙar ƙasa su juye a rami, su tsaya suna karɓar na goro. Ruwa ɗaya ya isa ya mayar da shi taɓo, guntayen bulo da ƙusoshi kuma su rage suna cin tayoyi. Niyyar mai kyau ce, aikin ne bai tsaya ba.

Ku fara da lambatu, ba da ramin ba. A kwashe yashi da leda tun daga sama har inda ruwan zai fita, a kuma ɗauke abin da aka kwaso a ranar, domin in aka tara shi a bakin lambatu ruwan dare zai mayar da shi. Idan kwalbati ce ta toshe, ita ce aikin ranar, ko da ba a kai ga ramin ba.

Sannan a zaɓi ranar da aka samu sarari. A sa alama ta kowane ɓangare da mutum mai tsayar da motoci. A kwarfe ruwan ramin, a kwashe taɓo da shebur har a kai ƙasa mai tauri. A sa diga a sare gefen da ya rube, bangon ramin ya tsaya a miƙe, don abin da aka zuba ya samu abin jingina. A haɗa burji da tsakuwa, a ɗan yayyafa ruwa: in ka dunƙula a hannu ya kama bai ɗiga ba, ya yi daidai. A zuba kaurin da bai wuce santimita 10 ba, a daddaɓe da gungumen itace ko ƙarfe mai faɗin gindi har ya daina lotsawa, a sake zuba wani, a sake daddaɓewa. Wannan daddaɓar ita ce duk aikin, kuma ita mutane ke gajiya da ita. A bar saman ya ɗan fi titi tudu kaɗan, motoci za su ƙarasa danne shi.

In unguwa ta tara kuɗin siminti, ma'aunin kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa ya wadatar, amma sai an hana mota takawa na kusan kwana 7 ana ba shi ruwa. In kun san ba za ku iya tsare wurin haka ba, ku tsaya a burji. Kuɗin a tara shi gida-gida a hannun mutum biyu, a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa. A kuma ajiye baro ɗaya ko biyu na burjin a gefe, a sa wanda zai leƙa wurin bayan kowane babban ruwa ya cike inda ya lotsa, ya ɗauki hoto ya haɗa da kwafin takardar da za a koma da ita ofis.